Tumuni, Riƙo da Wasiyya: Kalmomin da Ake Raba Gona da Su

Duk wanda ya bi hanyar Katsina da damina daga Dawanau zuwa Bichi, ko ya ɗauki ta Dambatta, zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona ce ke bin gona, gero da dawa da gyaɗa da wake, sai gawo da ɗorawa da kuka tsaitsaye a tsakani, sai layin gamba ko lalle da ke nuna inda haƙƙin wani ya ƙare na wani ya fara. Tun a shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya auna gonaki a ƙasar Ungogo, ya nuna cewa a nan an daina barin saura. Ƙasa ɗaya ake nomawa shekara da shekaru, taki ne ke riƙe da ita, har da wanda jakuna ke kwasowa daga birni bayan sun kai itace. Daga lokacin zuwa yau jama'a sun ninka, ƙasa kuwa ko taku ɗaya ba ta ƙara ba.

A irin wannan wuri, kafin a tambayi manomi girman gonarsa ana tambayarsa yadda ta zo hannunsa. Amsar ba ta wuce kalma ɗaya: gado, saye, kyauta, aro, haya, jingina, riƙo. Kowacce da hukuncinta ranar da mai gona ya kwanta dama, kuma su ne ke cika ƙofar dagaci da zauren alƙali a Bichi da Minjibir da Dawakin Tofa. A ganina rigimar gado a karkararmu ba kasafai take tasowa daga lissafi ba, don malamai sun iya lissafi. Daga suna take tasowa. Wannan ya ce aro aka ba ka, wancan ya ce kyauta ce, wanda zai raba gardamar kuwa yana ƙarƙashin ƙasa.

Gado kalma ce tamu ta asali, kuma ta fi mirasin Larabci faɗi. Mirasi dukiya yake nufi, abin da za a ƙirga a kasa. Bahaushe kuwa yana gadon ƙira da wanzanci da rini, yana gadon sarauta, yana gadon hali da murya da ciwo, har gaba yakan gada. Shi ya sa a sana'a ake bambanta ɗan gado da ɗan haye. Daga wannan tushe aka sami magaji da magada. A nahawu tilo ne da jam'i, amma a gona abu biyu ne masu karo da juna.

Magaji mutum ɗaya ne, wanda ya hau matsayin wanda ya tafi. Ma'anar ke nan da ta rage a sarautu irin Magajin Gari da Magajin Malam, da Magajiya a Daura. A gidan manoma shi ne babban ɗa ko ƙanin mamaci da zai riƙe gandu: ya ciyar da gida daga rumbu ɗaya, ya biya haraji, ya yi wa ƙanne aure, ya bar wa kowa gayaunarsa ya noma idan an tashi daga aikin gandu. Da ake cewa gadon gida alala ga raggo, wannan magajin ake nufi, domin abin da ya gada nauyi ne kafin ya zama dukiya. Magada kuwa masu kaso ne, kowa da adadinsa, har jaririn da ke ciki, wanda Malikiyya suka ce a dakatar da rabo sai an haife shi. Gandu yana so a bar ƙasa a dunƙule, shari'a ta ba kowane mai haƙƙi ikon ya ce a fitar masa da nasa. Lokacin da akwai dajin sarewa, wanda bai gamsu ba sai ya saɓi gatari ya yi gaba. A ƙasar Ungogo da Tofa wannan ƙofa ta daɗe da rufewa.

Da an zo kasafi sai harshe ya sauya. Hausa tana da rabi, tana da ɗaya cikin uku, amma malamin da aka ɗauko don rabon gado ba da su yake aiki ba. Nisfi zai ce, da rubu'i, da tumuni, da sulusi, da sulusani, da sudusi, kaso shida da ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i suka ƙayyade. Masu waɗannan kaso ake fara sallama, abin da ya saura na asaba ne, wato dangi maza ta wajen uba, tare da 'ya'ya mata idan suna da 'yan'uwa maza a matakinsu. Sai hajabu, katangewar da wani ke yi wa wani: ɗa namiji yana katange 'yan'uwan mamaci gaba ɗaya, shaƙiƙi yana katange li'abi. Mu muna cewa 'yan ɗaki da 'yan uba, kalmomin suna ɗauke da kishi da tarihin gida. Malam yana cewa shaƙiƙi da li'abi da li'ummi, nasa ba ruwansu da wanda ya fi kusa da zuciya. Baffa yana iya gada idan babu na gaba da shi. Kawu kuwa, komai shaƙuwa, ba ya cikin magada a asalin mazhabar Malikiyya, haka ma gwaggo.

Cikin shidan nan tumuni ce ta fi fita daga zaure ta shiga cikin gida. Tsohuwar da ba ta taɓa buɗe Risala ba ta san tumunin takaba. Sunan ya yi rana, domin ya zaunar da haƙƙin a bakin mata, ba wanda zai ce bai taɓa jin sa ba. Sai dai yana da illa. Ya sa ana ɗaukar kason tamkar ladan zaman wata huɗu da kwana goma, alhali igiyar aure ce ta ba mace gado, kamar yadda ta ba miji nisfi ko rubu'i a dukiyar matarsa ba tare da ya zauna ko wuni ɗaya ba. Wadda aka ɗaura wa aure ba ta tare ba tana gado. Wadda aka yi wa saki ɗaya, tana cikin idda mijin ya rasu, tana gado. Malikiyya ma sun ce wadda miji ya saka yana cikin ciwon ajali tana gadonsa ko da iddarta ta ƙare. Illar da ta fi ciwo ita ce, tumuni kason matar wanda ya bar ɗa ne ko 'ya, ko jika ta wajen ɗa namiji. Idan bai bari ba, rubu'i ne nata, ninki biyu ke nan. Amma kunne bai saba da rubu'in takaba ba, kuma matar da mijinta ya mutu ba haihuwa ita ce ta fi kowa rashin mai tsaya mata a gaban dangin miji.

A ɗauka manomi a ƙasar Kunchi ya rasu ya bar eka 8, da mata 2, da 'ya'ya maza 5 da mata 4, iyayensa sun riga shi. Tumuni eka 1 ce, matan su raba, rabin eka kowacce. Sauran 7 a kasa su 14, namiji ya ɗauki biyu mace ɗaya: kowane ɗa eka 1, kowace 'ya rabi. A takarda ya fita sumul. A fili kuwa ekokin ba wuri ɗaya suke ba, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai ta bayan gida da ta daɗe tana shan taki, akwai jigawa mai nisa, akwai ɗan yankin fadama da ya fi su duka kuɗi, akwai ɗorawa da tsamiya waɗanda su ma sai an yi musu ƙima. Shi ya sa ake zuwa da dattawa masu sanin ƙasa su kimanta, a ja igiya, wani lokaci a yi ƙuri'a, a dasa gamba a sabuwar iyaka. Sau da yawa akan haɗa kason 'yan ɗaki ɗaya wuri guda. Ɗan da ya tashi da eka 1, idan shi ma ya bar tara, sai dai a koma awo da taku.

Littattafan da ake yanke wannan hukunci da su sun yi doguwar tafiya kafin su iso mu. Risala ta Ibn Abi Zaid ce, malamin Ƙairawan da ya rasu a 996. Muhtasar na Halilu ne, mutumin Masar. Biyu kuwa daga ƙasar da yau ake kira Sifaniya suka biyo. Muwaɗɗar Imamu Malik da ake karantawa a zaurukan Kano ruwayar Yahaya bin Yahaya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba da ya rasu a 848. Tuhfatul Hukkam, wadda alƙalanmu ke kafa hujja da ita har gobe a shari'ar gona da gida, waƙe ce mai baiti sama da 1,600 da Ibn Asim, alƙalin alƙalan Garnaɗa, ya tsara kafin rasuwarsa a 1426. Garnaɗa ta faɗa hannun sarakunan Kirista a 1492, a zamanin da Shehu Almagili ya zo Kano wajen Sarki Muhammadu Rumfa. Hukuncin ya ci gaba da aiki a nan, can kuwa kalmomi ne suka rage.

Dokar gadon Sifaniya ta yau daga Rumawa ta samo tushe, manyan kalmominta ma na Latin ne: herencia shi ne gado, heredero mai gado, testamento takardar wasiyya. A gefensu akwai waɗanda kunnen Bahaushe zai gane idan aka nuna masa. Alcalde, da yau ke nufin shugaban gari, alƙali ne. Habices, dukiyar masallatan Garnaɗa da aka mayar wa majami'u bayan faɗuwar birnin, hubusi ne, wato waƙafi. Rehén, sunan da suke ba wanda aka yi garkuwa da shi, rahani ne, yadda malamai ke kiran jingina. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce albacea, ana furta ta kusa da albaseya. Asalinta sahibul wasiyya a Larabcin Andalus, aka yar da sahibu, harshe ya murɗe sauran. Shi ne mutumin da mai rai ke naɗawa a rubuce ya zartar da wasiyyarsa bayan ransa. Namu sunan wasiyyi ne. An kori ragowar zuriyar Musulmin ƙasar tsakanin 1609 da 1614, amma albacea yana nan a kundin dokarsu na 1889 da aikinsa a fayyace: ya biya kuɗin jana'iza, ya tsare dukiya, ya ga an cika abin da aka rubuta. Shekara ɗaya aka ba shi idan mamaci bai sa wa'adi ba, kuma ba lada sai wanda mamacin ya yanka masa.

Wannan kundi ya kasa dukiyar wanda ya bar zuriya gida uku. Kaso na farko, legítima ta dole, 'ya'ya ke raba shi daidai, mace da namiji. Na biyu mejora, shi ma na 'ya'ya ne ko jikoki, amma uba yana da ikon fifita wanda ya so da shi. Na uku ya ba duk wanda ya ga dama. Girmansa ya zo ɗaya da sulusinmu na wasiyya, ko da yake kowanne da tushensa, don kafin 1889 ɗaya cikin biyar ne a Kastila. Matar mamaci a can usufructo take samu, wato ta ci amfanin kason mejora har ƙarshen ranta ba tare da ta mallaka ba. Tamu kuwa tumuninta nata ne, ta sayar ko ta kyautar ko a gaje ta. Su ma sun san ciwon tsattsagewar gona. A yankin Galisiya gonaki sun ƙanƙance har aka yi wa abin suna, minifundio, iyaye suka riƙa amfani da mejora don ɗan da ya zauna a gida ya riƙe mafi yawa, gwamnati kuma ta yi dokar haɗe gonaki a 1952. Mejora ba tamu ba ce, domin kason magada a wurinmu Allah ne ya yanka, uba ba shi da ikon ƙarawa ko ragewa. Abin da nake kwaɗayi a wurinsu shi ne rubutu. Wasiyyar da aka yi a gaban marubucin gwamnati ana shigar da labarinta a rajista ɗaya ta ƙasa, magada su nemi shaida bayan kwanakin aiki 15 da rasuwa, su san ko an bari da inda take.

Mu dawo gida, ga kason 'ya mace. A 1923 Sarkin Kano Usman ya hana mata gadon gidaje da gonaki, bisa dalilin cewa macen da ta mallaki muhalli takan bar aure ta yi zaman kanta. Hanin ya kai 1954, lokacin da Sarki Muhammadu Sanusi ya soke shi saboda halin da tsofaffin mata marasa galihu ke ciki. Masanin tarihi Steven Pierce, wanda ya yi bincikensa a Ungogo, ya bi diddigin wannan lamari. Mai karatu zai ce, yaya aka yi haka a ƙasar da ake karanta Suratun Nisa'i kullum? Ƙofar da aka bi ta suna ce. Idan gona dukiya ce, ta shiga rabo, ba mai iya fitar da mace. Idan kuwa ƙasa ta jama'a ce a hannun sarki, manomi amfani kawai yake ci, to sarki ke faɗin wanda zai ci gaba da ci. Dokar Turawa ta 1910 ta ƙarfafa wannan fahimta da ta sa ƙasar Arewa duka a hannun gwamna, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ma a kan wannan layi take, inda ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin zama a karkara. Yau dai kotunan shari'a suna raba gona kamar kowace dukiya, tsarin mulki na 1999 a sashe na 277 ya sa gado da wasiyya da kyauta da waƙafin Musulmi cikin hurumin kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a. Amma shekara 31 sun isa a haifi yaro ya yi iyali bai taɓa ganin an ja wa mace igiya a gona ba. A ganina wani ɓangare na abin da wasu dattawa ke kira al'adar kaka da kakanni daga nan ya samu gindin zama.

Gado da yawa ba ya zuwa gaban alƙali. A zamanin En'e idan kotu ta raba ana cire ushira, ɗaya cikin goma, ta shiga baitulmali, sai mutane suka gwammace a kira liman da mai unguwa a gama a zaure. A irin wannan zama ne kalmar riƙo ke shigowa. An fitar wa 'ya mace rabin ekarta da baki, tana aure a wani gari, sai ta ce, “Yaya, a bar ta a hannunka, in kaka ta yi ka riƙa tunawa da ni.” Ba wauta ba ce. Gidan yaya ne mafakarta ranar yaji ko zawarci, shi zai tsaya a auren 'ya'yanta, ga kuma kunyar a ce ita ta raba gidan ubanta. Shekarar farko dami biyu suka iso, ta biyu ɗaya, daga nan sai gaisuwa. Yaya ya rasu, 'ya'yansa sun tashi sun ga ubansu yana noman gonar tun suna goye, a wurinsu gonar babansu ce. Riƙo amana ce, mai riƙo ba mai shi ba ne, gonar riƙo ba ta shiga rabon gadonsa. To amma ba a dasa gamba ba, ba a rubuta ba, waɗanda suka ji da kunnensu sun ƙare. Haka abin yake da kason marayu a hannun baffa.

Aro da kyauta ma a baki kusa suke, a hukunci nesa. Dattijo ya ce wa maƙwabci, “Je ka ka noma,” bai ƙara komai ba. Aro yana komawa ga mai shi ko magadansa. Kyauta ba ta komawa, amma Malikiyya sun sa mata sharaɗin hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunsa mai bayarwa yana da rai da lafiya. Uban da ya ce ya ba ɗansa gona amma ya ci gaba da nomanta har ya mutu, alhali ɗan baligi ne, kyautar ta ɓaci, gonar ta koma rabo. Wadda aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka. Hauzi yana da wata ma'anar da lauyoyi da alƙalai suka fi ambata: wanda ya riƙe gona shekara 10 yana aiki da ita a matsayin tasa, mai da'awa yana gari yana gani bai yi magana ba kuma ba abin da ya hana shi, ba a sauraron da'awarsa. Tsakanin dangi wa'adin yakan kai shekara 40, saboda an san ɗan'uwa yana kawaici. Idan aka tabbatar asalin shigar aro ne ko haya ko jingina ko riƙo, daɗewa ba ta mayar da ita mallaka. Saboda haka shari'ar duka takan koma kan kalma ɗaya da aka furta a gindin bishiya shekaru da yawa da suka wuce. Ita jingina tana da matsayi na musamman. A jerin da Halilu ya kawo, haƙƙin da ya rataya a kan wani abu takamaimai, kamar abin da aka jinginar, shi ake fara fitarwa, sannan kuɗin likkafani da binnewa, sannan basussuka, sannan wasiyya, sannan magada. Yadda ake yin ta a karkara kuwa, mai kuɗi ya riƙa noman gonar har a biya shi, malamai da yawa suna ƙyamarsa don bashi ne da ya jawo amfani.

Abin da ya tayar da tsofaffin riƙo daga barci shi ne kuɗin ƙasa. A Bachirawa da Rijiyar Zaki da kewayen Dawanau gonaki sun zama awon igiya, dillalai suna yanka fuloti. Rabin ekar da ba ta kai a yi faɗa a kanta ba lokacin da dami take bayarwa, yau kuɗin gida ce. Jikokin gwaggo suna zuwa neman kason kakarsu, kuma suna da gaskiya idan riƙo ne. A nan akwai kalmar da ya kamata ta fita daga littafi yadda tumuni ta fita, wato shufa'a. Idan gona tana haɗe ba a raba ba, ɗaya daga cikin masu ita ya sayar wa bare kasonsa, abokan tarayya suna da ikon mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓe. A Malikiyya haƙƙin na abokin tarayya ne, maƙwabci ba shi da shi, kuma yana faɗuwa idan an sani an yi shiru har shekara ta wuce. Sifaniyawa suna da makamancinsa tsakanin magada, wata ɗaya kacal suka ba shi. Wanda ke kukan gonar gidansu za ta fita hannu, shufa'a da musaya da saye daga 'yar'uwa a kan farashin gaskiya sun ishe shi. Danne kasonta bai taɓa zama hanya ba.

Saura wasiyya, wadda ita ce na fi damuwa da ita. Idan aka ce wane ya bar wasiyya, abin da ake nufi galibi nasiha ce: ku riƙe zumunci, ku kula da salla, a binne ni kusa da mahaifina, kada a sayar da gonar bayan gida. Magana ce mai nauyi, ana cika ta don girmamawa, amma ta ƙarshen ba ta ɗaure kowa a shari'a, domin da fitar rai gonar ta zama ta magada. Ɗaya ma'anar, wadda fiƙihu ya ware wa babi guda, ta yi rauni a bakinmu. Ita ce ikon da mutum ke da shi a kan sulusin dukiyarsa, iyakar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa wa Sa'adu bin Abi Waƙƙas lokacin da ya yi jinya a Makka. Ba a yin ta ga magaji, ba ta wuce sulusi, sai in magada sun yarda. Tare da ita akwai ikon naɗa wasiyyi da zai kula da ƙananan yara da dukiyarsu. Dattijo yakan so ya yi maganar, sai 'ya'ya su tare shi: “Haba Baba, daina faɗar haka, Allah ya ja kwana.” Shi yana gudun a ce yana kiran mutuwa, su suna gudun a ce jira suke. Alhali a cikin Muwaɗɗar da ke zaurukanmu akwai hadisin Ibn Umar da ya kwaɗaitar da duk mai abin da zai yi wasici a kai ya ajiye shi a rubuce, kada ya jinkirta.

Wanda wannan kawaici ya fi cutarwa shi ne jika maraya. Ɗa ya yi shekara ashirin a gandun ubansa, shi ke huɗa shi ke kai taki, ba shi da ko kunya ɗaya da sunansa don komai na gandu ne. Ya riga uban rasuwa ya bar yara. Ranar da tsohon ya bi shi, baffannin yaran sun katange su, ba su da komai a gonar da gumin ubansu ya gyara. Hukuncin hajabu ke nan, kuma ba kuskure a cikinsa, domin an bar wa kaka ƙofa biyu a buɗe: ya ba su kyauta su yi hauzi yana da lafiya, ko ya yi musu wasiyya cikin sulusi tunda ba magada ba ne. Malikiyyar Maroko suna da tanzili, inda kaka ke sa a rubuta cewa ya saukar da jikansa matsayin ubansa, a fitar masa daga sulusi. Masar ta yi dokar wasiyyar dole a 1946 saboda waɗannan yara. Sifaniyawa wakilci suke kiran nasu, jika ya tsaya a gurbin ubansa kai tsaye. Mu ƙofar tana nan, shiga ne ba a yi. Haka agolan da ya tashi a gida yana noma tare da 'yan gida, da 'yar riƙon da ta yi jinyar tsohuwa har ƙarshe, da jika ta wajen 'ya mace: ba ɗayansu da ke gado, kuma duk wasiyya tana isa gare su.

Rubutun ba ya buƙatar lauya. Abin da Malikiyya suka tsananta a kai shi ne shaida. Takardar da aka tsinta cikin gafaka da rubutun hannun mamaci, idan bai kafa shaidu a kanta ba kuma bai ce a zartar ba, ba a aiki da ita, don yana iya yiwuwa ya rubuta ne yana shawara, saɓanin dokar Sifaniya da ke karɓar wasiyyar rubutun hannu idan akwai kwanan wata da sa hannu. Saboda haka a nemi adilai biyu, a karanta musu, da boko ne ko da ajami. A ambaci kowace gona da iyakokinta huɗu da sunan da ta shigo da shi: wannan ta gado ce, wannan saye daga wane, wannan riƙon ƙanwata ce rabin eka daga gabas, wannan tana jingine a hannun wane kan kuɗi kaza, ɗorawar da ke cikinta ta wance ce. A rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi. A faɗi wasiyyi da sunansa, a tambaye shi ya karɓa. Kwafi ɗaya a wurin liman ko dagaci, ɗaya a gida. Mai wasiyya yana da ikon sauya ta ko soke ta duk ranar da ya so muddin yana raye.